Na gwada rubuta wasiƙa da waƙa irin ta mawaƙan Ingila na da

Akwai wani nau'in waƙa da Turawan Ingila suka riƙa yi tun daga zamanin Sarki Henry na takwas har zuwa wajen shekarun 1660 wanda ba a cika maganarsa a aji ba, kowa Shakespeare ya sani, amma su waɗannan wasiƙu ne na gaske, mutum zai zauna ya rubuta wa abokinsa ko matarsa ko wanda yake so takarda amma a baitoci, da amsa-amo da komai, ya naɗe ya buga hatimi ya ba ɗan aike. Sai a 1635 ne ma Sarki Charles na farko ya buɗe wa talakawa gidan wayar sarki, kafin nan sai dai ka nemi bawanka ko wani matafiyi ko masu dakon kaya su kai maka. Ni dai tun ina jami'a na fara cin karo da su, amma sai bayan da aminina na tun sakandare ya tafi aiki Jidda na koma na karanta su da gaske, don na lura hirarmu ta koma ya aiki ya iyali, sai sitika, sai bidiyon da wani ya turo masa ya turo min. Mutumin da muke kwana hira fa.

Wani mawaƙi mai suna John Donne ne ya fara kama ni. Yana da wata da ya rubuta wa abokinsa Henry Wotton inda ya buɗe da cewa wasiƙa ta fi sumba haɗa rayukan mutane, domin da ita abokan da suka yi nisa suke magana. Wannan layin kowa yana son sa, amma gaskiya ba shi ne ya koya min aikin ba, waɗanda suka koya min su ne guda biyun da ya yi a 1597 lokacin da ya bi jiragen yaƙin wani basaraken Ingila, Earl na Essex, da suka nufi tsibiran Azores don tare jiragen Sifaniya masu ɗauke da dukiya. Guguwa ta same su a teku ta koro su baya, sai ya rubuta wa abokinsa Christopher Brooke, wanda suka yi karatun lauya tare a Lincoln's Inn a Landan, ya ba shi labarin abin da ya gani. Babu wani dogon yabo ko na yi kewarka na yi kewarka. Cewa ya yi mutane na kwance a ɗakunan jirgi kamar an sa su a akwatin gawa, wasu na leƙowa suna tambayar ina aka kwana, ana ta kwarfe ruwa ana mayar wa teku shi kuma yana dawowa, ƙara ta sa kowa ya kurmance ko an ba da umarni ba mai ji. Sai a ƙarshe ya ce wa Brooke duk da rashinka na cina, ba na fatan a ce kana nan. Wallahi da na karanta wannan sai da na ajiye littafin na ɗan yi shiru, don ban taɓa ganin an ce ina son ka ta wannan hanyar ba.

Ta biyun kuma iska ce ta ɗauke gaba ɗaya jiragen suka tsaya cak cikin zafi, har ya ce gashin tsuntsu da ƙurar da suka faɗi jiya yau ma suna nan inda suke. A cikinta ne ya faɗi abin da ba kowa za ka gaya wa ba, wai ko talauci da kwaɗayin samu ne suka fito da shi, ko gudun wahalar soyayya, ko ƙishin suna ko neman mutuwa mai daraja. Kuma abotar ba ta baki ba ce, don da Donne ya auri Anne More a ɓoye a ƙarshen 1601 ba da sanin mahaifinta ba, wannan Brooke ɗin yana cikin waɗanda suka tsaya masa, da abin ya tonu aka kulle Donne aka kulle shi shi ma, Donne ya rasa aikinsa na sakatare.

To da na zauna zan rubuta tawa sai na ɗauki wannan a matsayin doka, ba zan ce masa ina kewarsa a kowane baiti ba, zan ba shi labarin unguwa ne ƙanana-ƙanana waɗanda ba wanda za su dama sai shi. Da Hausa na yi, don da ita muke faɗa da ita muke shiryawa. Wani abu da na ara a wurinsu shi ne tsarin amsa-amo. Mu a rubutacciyar waƙarmu yawanci harafi ɗaya ake riƙewa a ƙarshen kowane baiti tun daga farko har a rufe, wanda yana da daɗi a kunne amma yana sa ka riƙa farautar kalma maimakon ka faɗi abin da ke ranka. Su kuwa a yawancin wasiƙun nan layi biyu-biyu suke yi, kowane biyu da nasu amsa-amon sai a canza, shi ya sa za ka ji kamar mutum na zance ne kawai yana tsalle daga wannan magana zuwa waccan. Ga kaɗan daga farkon tawa:

Mutumina na aiko da gaisuwa,
Daga Kano inda ake ta kewa.
Mai shayinmu na bakin kwalbati,
Yana cigiyarka kusan duk sati.
Darbejiyar ƙofar gida an sare,
'Yan majalisa kowa ya ware.

Haka na yi ta tafiya, wanda ya yi aure, wanda ya rasu, kuɗin mai, yadda ɗana ya fara tafiya, har na gangaro kan wata magana da ta daɗe a tsakaninmu tun kafin ya tafi wadda ba mu taɓa warware ta ba, kuma a nan na ga amfanin baiti. Da a waya ne da ɗayanmu ya katse ɗaya ko mu mayar da ita raha, amma da yake sai na auna kowane layi kafin ya zauna, sai zafin maganar ya ragu, gaskiyarta kuma ta zauna.

Ƙarfin halin saka wannan maganar kuwa a wurin Thomas Wyatt na samo shi. A watan Mayun 1536 aka kulle shi a Hasumiyar Landan lokacin da ake shari'ar Anne Boleyn matar Sarki Henry na takwas, aka sare kanta da wasu maza da aka zarga tare da ita, shi Allah ya kuɓutar da shi aka mayar da shi gidan mahaifinsa a Allington cikin yankin Kent. Masana da yawa na ganin a wannan zaman ne ya rubuta wa abokinsa John Poyntz wasiƙar da yake bayanin dalilin da ya sa ya nisanci fada. Ya aro tsarinta daga wani mawaƙin Italiya Luigi Alamanni, amma ciwon nasa ne. Sai maimaita ba zan iya ba yake yi, ba zan iya cewa hankaka ya kai farin tsuntsun ruwa iya waƙa ba, ba zan iya kiran matsoracin da ko ɓera bai iya kamawa zaki ba, ba zan iya kiran buguwa da giya zumunci ba. Ya ce yanzu yana gida yana farauta, in gari ya ɓaci ya zauna da littafinsa, amma bai ɓoye cewa akwai mari a ƙafarsa ba, wato ba shi da cikakken 'yanci. Mutumin da ya ga an kashe abokansa kwanan nan yana rubuta irin wannan a takarda, ai dole sai ga wanda ka yarda da shi ƙwarai.

Amma ba duka ne suka burge ni ba, in faɗi gaskiya. Bayan Donne ya rasa aiki ga 'ya'ya na ta zuwa, ya rubuta wa wata babbar mace mai hannu da shuni, Lucy matar Earl na Bedford, wasiƙu da yawa, kuma akwai wadda a ciki ya kai ta matsayin da bai kamata a kai ɗan Adam ba. Basira na nan, amma kana karantawa kana jin mutum ne mai neman a tuna da shi, kamar maroƙi a ƙofar gidan biki. Ba na zarginsa, yunwa ba ta da kara, sai dai na gane cewa da zarar kana son wani abu a hannun wanda kake rubuta wa to muryarka za ta canza ko ka so ko ba ka so ba. Shi ya sa ban sa ko kalma ɗaya ta saƙon tsaraba ko ka nema min hanya a tawa ba, kuma duk wanda ke da ɗan'uwa a waje ya san yadda irin wannan ke cinye zumunci.

Da hannu na rubuta, na ba wani maƙwabcinmu da zai tafi Umra ya kai masa. Amsa ba ta zo da waƙa ba, saƙon murya ya turo mai tsawo wanda rabinsa dariya ce kan mai shayi, sauran kuma ya tsaya kan waccan maganar ya ba ni nasa ɓangaren tiryan-tiryan ba tare da ɗaga murya ba. Sai kuma wani abu ya faru, ya ɗauki hoton takardar ya nuna wa 'yan garinmu da suke aiki tare, kafin ka ce me ta dawo min ta hannun wani daban a WhatsApp. Shafin farko kawai ya ɗauka, Allah ya sa yana da hankali. Haka ma abin yake a wancan zamanin, yawancin waƙoƙin Donne da hannu aka riƙa kwafarsu daga aboki zuwa aboki, ba a buga su a littafi ba sai 1633 shekara biyu bayan rasuwarsa. Katherine Philips da ke zaune a Cardigan ta ƙasar Wales tana rubuta wa ƙawayenta waƙoƙi masu zafin ƙauna, ta sa wa kowa sunan ɓoye, ita Orinda, Anne Owen ta zama Lucasia, Mary Aubrey ta zama Rosania, amma duk da haka a 1664 wani ya tattara ya buga ba da izininta ba, ranta ya ɓaci sosai, a shekarar kuma cutar agana ta kashe ta tana da shekara 32. Don haka yanzu in zan rubuta, abin da ya shafi sirri a shafinsa daban nake sa shi, in kuma sunan wani zai shigo sai in yi amfani da laƙabin da mu biyu kawai muka sani.

Ta uwargida ita ce ta fi ba ni wuya, lokacin da aka tura ni kwas wani gari na ɗan jima. Kun san mu da kunya, abin da za ka iya gaya wa aboki a baiti goma sai ka kasa layi ɗaya ga matarka. Mata biyu ne suka taimake ni. Isabella Whitney a 1567 ta buga wasiƙar waƙa zuwa ga saurayin da ta ji zai auri wata, ba ta yi kuka ba ta yi zagi ba, ta jero masa mazan da suka ci amana a tsoffin labaran Girka da Rum irin su Jason da Theseus da Aeneas ta ce ya zaɓi layin da zai shiga, sannan ta yi wa amaryar fatan alheri. Daga ita na koyi cewa ana iya maganar zuciya a tsaye ba tare da narkewa ba. Sai Anne Bradstreet, haifaffiyar Ingila da ta yi ƙaura zuwa Massachusetts ta Amurka a 1630, mijinta Simon yana yawan tafiya aikin hukuma, ta rubuta masa tana tambaya in da gaske mu biyu abu ɗaya ne to ta yaya kake can ni ina kwance a Ipswich, ta ce yanzu fuskarsa take gani a fuskokin 'ya'yansu. Ambaton sunan garin nan shi ya buɗe min ƙofa. Na fara da inda nake, ɗakin da aka ba ni, abincin da nake saye a bakin hanya da yadda miyar ba ta kama ƙafar tata ba, daga nan sauran ya biyo da kansa. Wannan kam ba zan kawo ko layi ɗaya daga cikinta ba, tata ce.

Wadda nake kai yanzu ta gayyata ce, don mutumin nawa ya ce zai zo hutu da babbar sallah. Ben Jonson yana da irinta a littafinsa na 1616, yana gayyatar aboki cin abincin dare, ya lissafa masa zaitun da ganye da naman tunkiya da kaza in an samu da lemon tsami, har yana cewa zai yi masa ƙaryar wasu tsuntsayen don dai ya zo, ya yi alkawarin yaronsa zai karanta musu rubutun marubutan Rum na da, Virgil ko Tacitus, amma shi ba zai dame shi da nasa waƙoƙin ba, kuma babu ɗan leƙen asirin gwamnati a teburin, ba wanda zai tashi da safe yana tsoron abin da ya faɗa jiya. A zamanin da magana ke kai mutum kurkuku wannan ba ƙaramin alkawari ba ne. Nawa jerin ya fi sauƙi, tuwon shinkafa da miyar taushe, soyayyen naman layya, zoɓo mai sanyi, da sharaɗin kowa ya bar wayarsa a aljihu har a tashi. Na kai wajen zoɓon, ina neman layin da zai yi amsa-amo da shi.