Gwangwanin Fenti Uku Zuwa Tudun Wada

Saƙon Kawu gajere ne: in zo bikin godiyar kaka, in kuma taho da bakin yi wa Auta faɗa. Yaron ya gama sakandare ya ce wasan kwaikwayo zai karanta a jami'a, Kawu kuwa ya ce ba da kuɗin shinkafarsa ba. Ni aka zaɓa domin ni kaɗai ne a dangi nake cin abinci da buroshi, ina rubuta allunan shaguna ina zane a Sabon Gari. A lissafin Kawu, wanda ya sha wuyar abu shi ya fi iya hana wani shiga.

Ranar Asabar da sassafe na isa tashar Unguwa Uku da gwangwanin fenti uku, don fasto ya roƙa a sabunta ayar da ke bangon majami'a. Hazon farkon hunturu ya sauka. Muka bi titin Zariya, muka wuce Kura da filayen Kadawa da ruwan Tiga ke shayarwa, rumfunan Kwanar Gafan ba su cika ba tukuna don kakar tumatir da saura. Idona yana kan bayan manyan motoci. Wani zaki da aka zana a jikin wata tirela ya riƙe ni har Kwanar Dangora: gashin wuyansa bugun buroshi ɗaya-ɗaya ne, hannun da ya yi shi bai yi rawa ba, ba kuma wanda ya san sunan mai hannun.

Daga Tudun Wada sai acaɓa. Yaron da ya ɗauke ni Musulmi ne daga ƙauyen da ke maƙwabtaka da namu, ya ɗaure gwangwanayen a kan tanki yana tambayata ko bana ma za a yi wasan nan na coci, don bara ya kalla ta taga. Ko'ina ana yankan dawa ana bugun shinkafa, ƙaiƙayi na tashi.

Kafin in ga rufin kwanon majami'a na ji tulu. Zumuntar Mata ce ke gwaji a gindin ɗorawa: ɗaya na buga bakin tulu da tafi, biyu na kaɗa caki, Inna na bayarwa ana amsawa. Inna ba ta karatu. A ba ta aya ranar Laraba, ran Lahadi ta zama waƙa, da muryar da kakanninmu suka yi niƙa da daɓe da ita. Dattawa sun ce da bishara ta iso gidajen Maguzawa, garaya aka fara ratayewa saboda da ita ake kiran iskoki a wajen bori, sai aka riƙe Littafin Waƙoƙi mai kalmomin Hausa da karin Turawa. Ina son waƙoƙin nan, da su na girma. Amma matan nan ne suka dawo da muryar gida cikin sujada, ba tare da wani ya kira abin da suke yi fasaha ba.

Da dare muka zauna da Kawu a bakin wuta, Auta na can nesa kaɗan yana yi kamar gyaran tocila yake.

"Ɗana, kai ma ka sani," in ji Kawu. "Mai kiɗa maroƙi ne, mai wasa ɗan kama ne. Wa zai ba shi 'ya?"

Na ce, "Kawu, a Fitowa sura 31, wa Ubangiji ya ce ya cika da Ruhunsa? Bezalel, mai aikin zinariya da sassaƙa. Kuma kiɗan Dawuda ne ya sanyaya zuciyar Saul."

"Dawuda sarauta ya ci. Ba da molo ya ciyar da gidansa ba."

Na yi shiru, domin a nan ya fi ni gaskiya. Tsoronsa yunwa ce, ba zunubi ba, kuma na san yunwar. Sau nawa na kwana uku a kan tsani ina zana bangon majami'a, aka sallame ni da "Allah ya saka"? Birkila a biya shi, kafinta a biya shi, mai zane da mai kiɗa kuwa baiwa ce aka ba su kyauta, su ma su bayar kyauta. Wannan ɗabi'a tamu ce ta sa iyaye irin Kawu suke gudun abin, ita kuma take korar yaranmu masu hannu da murya zuwa inda za a biya su, daga baya mu zauna muna cewa duniya ta janye su. Almasihu da bakinsa ya ce ma'aikaci ya cancanci ladansa.

Na gaya wa Kawu abin da na sani. Akwai sashen wannan karatu a Jami'ar Bayero, akwai a Ahmadu Bello ta Zariya, wadda ta yi suna wajen kai wasan kwaikwayo ƙauyuka don manoma su tattauna matsalarsu da kansu. Gidajen rediyo da masu wayar da kai kan lafiya suna neman marubuta wasa. A Zariyar nan sanannen mai zane Bruce Onobrakpeya ya koyi zane, ya je ya zana tafiyar Yesu zuwa gicciye a wata majami'ar Legas da fuskokin baƙar fata. Ban ce masa akwai arziki ba. Na ce aiki ne, mai wuya kamar noma.

Ran Lahadi aka cika gaban bagadi da dammunan dawa da gero, buhunan shinkafa, kabewa, har da zakara ɗaure da ƙafa. Bayan wa'azi matasa suka ja benci biyu gefe, filin wasa ke nan. Ɗa ɓatacce na Luka 15 suka yi, sai dai ɗan ya sayar da gonar gado ne ya tafi Legas. Na ɗauka Auta zai fito a ɗan. A uban ya fito, da tsohuwar rigar saƙi da sanda, yana ɗingisa ƙafar hagu daidai yadda Kawu yake yi. Aka fashe da dariya. Sai ya je bakin ƙofa ya tsaya, ya kare ido da tafin hannu yana duban hanya, bai ce uffan ba. Ya daɗe a haka har dariyar ta mutu. Wata tsohuwa a layin mata, wadda ɗanta ya shekara shida bai aiko ko gaisuwa ba, ta ja mayafi ta rufe fuska. Tagogi cike da maƙwabta, har da ɗan acaɓana. Kawu ya sunkuyar da kai yana murza hularsa.

Litinin na gama rubutun bango. Dattawan ikilisiya suka kawo mini rabin buhun shinkafa, saɓanin yadda aka saba. Da can da na ce a bar shi. Wannan karon na sa hannu biyu na karɓa, a gaban Auta, da gangan.

Ana ɗaure buhun a bayan babur Kawu ya matso, bai dube ni ba.

"Fom ɗin jarrabawar nan, nawa ne?"

Na faɗa masa.

"To. Amma damina a nan zai yi ta. Ka gaya masa kuma, ba haka nake ɗingishi ba."