Tarihin Rayuwata, Kashi na 7: "Ai Ba Ka Yi Kama da Mara Lafiya Ba"

Makon jiya na tsaya a inda na sauka kasuwar Mile 12 ta Legas da 'yar jakata da takardar asibitin da Inna ta ninke ta cusa min a aljihu. Shekarar 2009 ce, damina ta kankama. Kawu ya tarbe ni a layin 'yan albasa, ya karanta takardar a tsaye, ya dube ni sama da ƙasa, ya ce, "Kai yaro, ai ba ka yi kama da mara lafiya ba." Ya miƙo min ita, ya nuna min tirelar da ake saukewa.

Sikila ce da ni, wato rukunin jinina SS ne. Baba AS, Inna AS, wato suna ɗauke da ita a jini amma ba ta kwantar da su, kuma a zamaninsu wa yake zancen gwajin jini kafin aure? In iyaye suka haɗu a haka, kowane ciki yana da ɗaya cikin huɗu na zuwa da ita. Mu shida ne, mu biyu ta faɗa wa. Ƙanwata ba ta kai shekara biyar ba, Allah ya ji ƙanta, kuma Kawu yana cikin waɗanda suka kai ta makwanci. Wannan ne abin da ya fi ci min rai, ba zai ce bai san ciwon ba.

Ruwan Yuni na Legas ba irin namu ba ne, sai ya wuni yana zuba. Ya dake ni ina ɗaukar buhu, kayan suka bushe a jikina. Cikin dare ƙwayoyin jinin suka lanƙwashe kamar lauje suka toshe ƙananan jijiyoyi, haka likita ya bayyana min daga baya. Ni dai abin da na sani, ƙugu da cinyoyina kamar ana buga musu ƙusa. Yaran da muke kwana a rumfa ɗaya ne suka ciccibe ni zuwa wani asibiti. Wata ma'aikaciya ta ga ba jini ba karaya, ta ce allurar kashe zafi kawai nake nema. Sai da na kai asuba ina cizon riga kafin a sa min ruwa.

Kawu ya zo rana ta uku. Ya tsaya bakin gado, ya ga ba bandeji, ya ce, "To ga ka nan garau." Kwana tara na yi, kuma kwana taran nan ya cire su daga haƙƙina. Na ce, "Kawu, ai ba da gangan na kwanta ba." Ya ce rago ba ya rasa dalili.

Ko a 2016 da na fasa auren wata yarinya 'yar Agege, maganar ce ta dawo. Gwaji ya nuna AS ce. Ni da bakina na je na faɗa wa mahaifinta, don na yi wa kaina alkawari ba zan haifi wanda zai ciji riga kamar yadda na ciza ba. Har gobe ina alfahari da wannan, ko da yake na yi wata guda abinci ba ya shiga. Kawu ya ce wa 'yan uwa tsoron ɗawainiya ne, wai mutum lafiyayye kamar ni.

A cibiyar masu sikila da ke Idi-Araba, daura da asibitin koyarwa na Jami'ar Legas (LUTH), a nan na fara zama gaban wanda na ce masa ina jin ciwo bai tsaya duban fuskata ba. Tun daga nan ƙwayar folic acid mai taimaka wa jini kullum, maganin rigakafin zazzaɓin sauro, rigar sanyi ko ana zafi, da gorar ruwa a hannu, har 'yan kasuwa suka laƙaba min Mai Gora. Na bar dako na koma rubuta lissafin kaya.

Kuɗin kwana taran nan ban taɓa tambaya ba. Amma Inna ta ji labari, ta hau motar dare ta zo Legas ba ta sanar da kowa ba. Abin da ta faɗa wa ƙaninta a gaban 'yan albasa, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.