Injin ya kulle, fitila na walƙiya: wa za ka ba tukwici, kuma nawa?

Ranar da injin caca ya fara kulle mini a Las Vegas, dala 2,400 ce ta fito a allo. Kafin ma'aikaciyar da ta zo ta gama duba fasfona, na riga na ce mata da ƙarfi, har na kusa da ni suka ji: "ɗari biyu naku ne." Da ta dawo da kuɗin sai na ga 1,680. A lokacin baƙo nake a Amurka, kuma baƙon da ƙasarsa ba ta da yarjejeniyar haraji da su, ana cire masa kashi 30 cikin ɗari tun kuɗin ba su taɓa hannunsa ba. An yanke 720 ke nan. Ga shi na riga na zuba wa injin 600 a daren. Ribata ta gaskiya 1,080 ce, amma magana zarar bunu ce, dole na miƙa ɗari biyun. Kusan kashi ɗaya cikin biyar na abin da na samu na bayar, a kan hidimar da 'yan gida ke ba da dala 20 zuwa 40.

Ba talla nake yi wa caca ba. Wanda addininsa ya hana shi ya san hukuncinsa, kuma lissafin injin kullum gidan cacar yake bai wa gaskiya idan aka daɗe ana bugawa. Maganata a kan mintocin da ke biyo bayan babban ci ne, lokacin da hannu ke rawa, ido ke kanka, kai kuma ba ya lissafi.

Inji ba ya biyan babban ci da kansa. Ƙaramin ci yana shiga lissafinka da ke allo, in ka gama ka fitar da tikiti ka je ka canza. Amma idan ci guda ya kai iyakar da hukumar harajin Amurka, IRS, ta sa, sai injin ya kulle, fitilar da ke samansa ta kama walƙiya, allon ya rubuta a jira ma'aikaci. Tun 1977 iyakar dala 1,200 ce, sai a farkon 2026 aka ɗaga ta zuwa 2,000. Ma'aikacin sashen injina zai zo ya tabbatar da adadin, ya karɓi katin shaida mai hoto da lambar harajinka. Mazaunin ƙasar ana cika masa fom W-2G, kuma in ya ba da lambarsa yawanci ba a cire masa komai nan take, sai ƙarshen shekara ya yi lissafinsa da hukuma. In ba shi da lambar a hannu, a cire kashi 24. Baƙo kuwa fom 1042-S ake ba shi. Daga nan ma'aikacin ya tafi wurin kashiya, ya dawo da mutum na biyu a matsayin shaida, su ƙirga maka kuɗin a tafin hannunka ɗaya bayan ɗaya, ƙarƙashin kyamara. Duk wannan yakan ci minti goma zuwa talatin, daren Asabar kuma ya fi haka.

Wannan jiran shi ne lokacin lissafinka. Kada ka tashi daga kujerar, kada ka bar wani ya taɓa maɓallin, kuma kada ka furta wani adadi. Ka tambayi ma'aikacin tun zuwansa na farko nawa za a cire. Ka debe wannan, ka debe abin da ka zuba a daren, sannan ka yanke abin da za ka bayar, a zuciyarka kawai.

Za ka lura da wata dabara. Idan dala 2,000 za a biya ka, sau da yawa za su ƙirga takardun ɗari-ɗari goma sha tara, ɗarin ƙarshe kuma su ba ka ashirin-ashirin guda biyar. Ba cuta ba ce, hannunka mai sanda ne: an kawo maka canji don kada ka ce ba ka da shi. Ni ban ga laifinsu ba, ya ma sauƙaƙa mini. In kuma duk ɗari-ɗari aka kawo, ba abin kunya ba ne ka ce a fasa maka guda. Mutane da yawa sun ba da ɗari ba don sun yi niyya ba, sai don nauyin baki ya hana su neman canji.

To nawa? Babu doka, babu allo da aka rubuta. Abin da za ka fi ji a bakin 'yan wasa shi ne rabin kashi ɗaya zuwa kashi ɗaya cikin ɗari. Ni abin da na tsaya a kai: daga iyakar kullewa zuwa wajen 2,500, dala 20. Zuwa 5,000, dala 40 ko 50. Dubu goma, ɗari. Daga nan sama kuma ba na bin kaso, domin hidimar ba ta ƙaru ba. Wanda ya kawo maka 2,000 da wanda ya kawo maka 40,000 tafiya ɗaya suka yi zuwa wurin kashiya, fom ɗaya suka cika, sai dai na biyun ya fi daɗewa yana ƙirga. A kan 40,000, dala 200 ko 300 kyauta ce mai kauri. Abin da ke sa ni ƙarawa shi ne aikin da na gani da idona: ya zo da wuri, ya bayyana mini fom ɗin ba tare da gajiya ba, ya gyara sunana da aka rubuta ba daidai ba kafin in sa hannu. Kuskuren suna ko lamba a wannan takarda ciwon kai ne da zai biyo ka har lokacin haraji, don haka wanda ya kama shi ya ci tukwicinsa.

Masu bugawa a ɗakin manyan kuɗi lissafinsu daban ne. Wanda ke sa dala 100 a kowane juyi, cin 2,000 a wurinsa juyi ashirin ne kawai, kuma injin na iya kulle masa sau biyar cikin awa ɗaya alhali yana cikin asara. In ya ce zai ba da 20 a kowane karo, tukwicin kaɗai zai cinye shi. Irin waɗannan sukan ba da dala 5 ko 10 a kowane biya, ko su tara su bayar sau ɗaya idan za su tashi. Mai wannan niyyar ya faɗa tun farko, ya kuma tambayi ƙarfe nawa ma'aikacin zai tashi daga aiki, don kada wanda ya yi ta zirga-zirga awa huɗu ya tafi gida hannu rabbana, wanda ya canje shi ya kwashe.

Akwai kuma ci irin na miliyoyi, na injinan da aka haɗa tsakanin gidaje da yawa kamar Megabucks na kamfanin IGT. A watan Maris na 2003 an ci dala miliyan 39.7 a kansa a gidan Excalibur. Irin wannan ba gidan ke biya ba, kamfanin injin ne, bayan injiniyoyinsa sun zo sun bincika na'urar, abin da kan ɗauki awoyi, kuma tsarin biyan na shekara-shekara ne. Kashi ɗaya cikin ɗari na wancan adadin dala 397,000 ke nan, ka ga inda maganar kaso ta rushe. A nan tukwici na waɗanda suka tsaya da kai ne tsawon jiran, daga abin da ke aljihunka.

Wa za ka miƙa wa? Mutum biyu ne a gabanka, kuma ba koyaushe matsayinsu ɗaya ba. Tambaya ɗaya ce ke warware komai: "kuna haɗawa ne, ko kowa nasa?" In suna haɗawa, ka ba wanda ya fara zuwa ka ce na ku duka ne. In ba sa haɗawa, ka raba da hannunka, wanda ya yi zirga-zirgar ya fi samu. Sau da yawa na biyun shugaban sashe ne, mai kwat. Tun 2018 dokar tarayya ta hana manajoji cin wani kaso daga tukwicin ma'aikatan da ke ƙarƙashinsu, gidaje da yawa kuma sun hana su karɓa kwata-kwata. Na taɓa nace wa wani irinsu, ina ganin kara yake yi mini. Ya ja da baya, ya buɗe tafukansa biyu sama, ya ce ba a yarje masa ba. Buɗe hannun nan ba don ni ya yi ba, don kyamarar da ke rufi ne. Idan ma'aikaci ya ce a'a sau ɗaya, ka bar shi. Cusa masa kuɗi a aljihu na iya raba shi da aikinsa. Haka ma tikitin inji: wasu gidajen ba su yarda ma'aikaci ya karɓa ba, tsabar kuɗi ta fi sauƙi.

A tebur ƙa'idar ta fi tsauri. Ba a ba mai raba karta komai hannu da hannu, ko da kuɗin canji ne. Ka ajiye kwabon robar da ake wasa da shi a madadin kuɗi a kan tebur, ka tura gabansa, ka ce nasa ne. Zai ɗauka ya ƙwanƙwasa shi a bakin tebur don mai sa ido da kyamara su shaida, sannan ya jefa a akwatin tukwici. A yawancin manyan gidajen Las Vegas ana haɗa abin da ke cikin akwatunan nan a raba wa duk masu raba karta gwargwadon awoyin aikinsu. Wato ɗarin da ka ba wannan mai fara'ar, abin da zai kai aljihunsa ƙalilan ne, sauran na abokan aikinsa ne har da mai ɗaure fuskar tebur na gaba. Wannan bai hana ni bayarwa ba, domin albashin yawancinsu bai yi nisa da mafi ƙarancin albashi ba, wanda a Nevada, jihar da Las Vegas take, dala 12 ne a awa tun Yulin 2024, kuma tukwici ne ke riƙe gidajensu. Amma ya hana ni zuzuta kyauta don mutum ɗaya ya burge ni.

Wata al'adar tebur ita ce ka sa kuɗi a wasa da sunan mai raba karta maimakon ka ba shi: ka ajiye kwabo a gaban naka, in ka ci shi ma ya ci ninki, in ka faɗi gidan ya kwashe. Tana da daɗi ana cikin wasa. Bayan babban ci kuwa, ni kai tsaye nake bayarwa, don babu ma'ana ka ce ka yi wa mutum kyautar 50 alhali wataƙila gidan ne zai cinye ta a hannu na gaba.

Ɗakin wasan kartar da ake kira foka ya bambanta, domin a can yawanci kowane mai rabo yana riƙe nasa, saboda haka abin da ka ba shi nasa ne. A gasa kuma ka karanta takardar tsarin kafin ka zaro kuɗi, don gasanni da yawa sun riga sun cire wajen kashi 3 cikin ɗari na kuɗin kyauta domin ma'aikata. Wanda bai duba ba sai ya biya sau biyu.

Sauran ma'aikata ba su da wuyar sha'ani. Mai kawo abin sha dala ɗaya ko biyu take samu a kowane kofi, in ta yi ta hidima da kai daren da ka ci, ka ba ta 10 ko 20. Kashiya ba dole ba ne, dala 5 ta wadatar in ya ƙirga maka tulin kwabbai. Mai gadin da ya raka ka zuwa mota ko ɗakinka, ka tambaye shi ko an yarje masa. Jami'in da ke kula da manyan baƙi yawanci an ƙayyade masa abin da zai iya karɓa, shi ma a tambaya. Wanda kuwa ya raɗa maka cewa ga injin da ya kusa biya, in ka ci ka tuna da shi, kada ka kula shi. Kowane juyi na'urar lissafin da ke cikin injin ce ke zaɓen sakamakonsa, babu ma'aikacin da ya san mai zuwa.

Duk abin da na faɗa na Amurka ne. A Faransa, wanda ya ci lamba ɗaya tilo a teburin rulet, wasan faifai mai juyawa da lambobi, inda ake biyan 35 a kan ɗaya, yakan tura kwabo guda ya ce na ma'aikata ne, su kuma su amsa da godiya su jefa a akwati. A Birtaniya an daɗe da hana masu raba karta karɓar tukwici, sai bayan dokar caca ta 2005 ta fara aiki a 2007 aka buɗe ƙofa. A Ostireliya har yanzu ba sa karɓa a tebur, in ka tura za a dawo maka da shi.

Tukwicin da ka bayar ba ya rage komai a fom ɗin haraji. In an rubuta 10,000, a kan 10,000 hukuma za ta yi lissafi, ko da ka raba 500 a wurin. Shi ya sa yanzu kafin in zauna nake ware takardun ashirin-ashirin guda biyu a aljihu daban, waɗanda ba na wasa ba. Idan cin ya wuce 3,000 kuma nakan nemi cak maimakon tsaba. Karon farko da na yi haka na ce a rubuta duka a cak, sai ga mutum biyu tsaye a gabana, aljihuna babu ko dala biyar. Yawancin gidaje suna yarda a raba biyan, don haka tun lokacin da ake cika fom nake cewa a kawo ɗari biyu tsaba, ɗari ɗaya daga ciki a fasa ta ashirin-ashirin, sauran a sa a cak.