Ranar Zaɓen Kwasa-kwasan Shekarar Farko

Talata, Aboabo, Kumasi.

Yau ne jami'ar da ta ba ni gurbin karatu a Kanada ta buɗe wa sababbin ɗalibai shafin rajistar kwasa-kwasai. An sanya ƙarfe 10 na safe agogon can, wanda ya yi daidai da ƙarfe 2 na rana a nan Kumasi, saboda haka na sami safiya sukutum domin in yanke shawarar da na daɗe ina jujjuyawa a raina. Kwas biyar ake ɗauka a kowane zangon karatu, na farko daga Satumba zuwa Disamba, na biyu daga Janairu zuwa Afrilu. Ga mai son shiga fannin kimiyyar ƙwaƙwalwa da jijiyoyi, bayoloji da kemistiri dole ne, babu wanda ya tambaye ni ra'ayina a kansu. Inda aka bar mini zaɓi shi ne lissafi da saikoloji, wato ilimin halayyar ɗan'adam, kuma nan ne gizo yake saƙa.

Kalkulas, wato lissafin yadda abubuwa suke canzawa, iri biyu suke koyarwa a shekarar farko. Akwai wanda aka tsara wa ɗaliban kimiyyar halittu, mai yawan misalai daga yaɗuwar ƙwayoyin cuta da raguwar magani a cikin jini, akwai kuma na ɗaliban fizis da lissafi, wanda ya fi tsauri, ya fi kuma nacewa a kan dalilin da ya sa kowace ƙa'ida take aiki. Sashen da nake nema yana karɓar kowanne daga cikinsu. Sai dai a ƙasan shafin, da ƙananan haruffa, an rubuta cewa manyan kwasa-kwasan lissafi na shekara ta biyu ba sa karɓar wanda ya yi na farkon sai ya koma ya cike gurbi. A ɗaya ɓangaren kuma, tallafin karatun da aka ba ni yana da sharaɗin kada matsakaicin makina ya sauka ƙasa da wani mataki, kuma da makin shekarar farko ne ake tantance waɗanda za a bari su shiga fannin.

Yayana, wanda yake karatun injiniya a KNUST, jami'ar kimiyya da fasaha ta nan Kumasi da ake wa laƙabi da Tek, bai ɓata lokaci ba a kan maganar. Muna karin kumallo da koko da ƙosai ya ce, "Ke dai ki ɗauki mai sauƙin, ki tsira da makinki. Ga sanyi, ga baƙunta, ga Turancin da ba irin namu ba, sannan ki ƙara wa kanki kalkulas ɗin da yake kayar da mu a Tek?" Maganarsa tana da ƙamshin gaskiya, domin ya ga abokansa da suka fito da A1, wato maki mafi girma, a jarrabawar gama sakandare ta WASSCE sun sha da ƙyar a zangon farko. Baba kuwa cewa ya yi, "Uwata, ki ɗauki duk wanda zai kai ki ga zama likita." Har yanzu ban iya gamsar da shi ba cewa mai binciken ƙwaƙwalwa daban, likitan da yake duba masu shanyewar ɓarin jiki a asibitin Komfo Anokye daban, ko da yake aikin wannan yana ciyar da na wancan.

Da hantsi na tafi Asawase wurin malamin da ya koya mana lissafi na zaɓi a sakandare. Na tarar da shi a zaure yana duba takardun ɗaliban da yake yi wa darasin hutu. Bayan mun gaisa na zayyana masa komai, sai ya ce in nuna masa lissafi na farko da ya bayyana a littafin kimiyyar jijiyoyin da na sauke a wayata. Na buɗe masa babin da yake bayani a kan wutar lantarkin da ke cikin ƙwayar jijiya, inda aka ce idan ƙwayar tana hutawa, cikinta yana ƙasa da wajenta da kimanin milibolt 70. Ya juya bayan wata tsohuwar takardar jarrabawa, ya rubuta da jan biro ƙa'idar Nernst, wadda take lissafa wutar da bambancin yawan wani sinadari a ciki da wajen ƙwayar yake haifarwa, ya ce in sa adadin sinadarin fotasiyam da littafin ya bayar, wato kusan 140 a ciki da 5 a waje. Na raba 5 da 140, na nemo logaridim ɗinsa, na ninka da 61, amsar ta fito kusan 88 ƙasa da sifili. Ya duba, ya gyara zaman tabaransa, ya ce, "To kin gani, 'yata, wannan tun a aji biyu kika san shi. In dai iyakar abin da kike so ke nan, mai sauƙin ma ya ishe ki har ya yi saura."

Daga nan ya sa na ci gaba zuwa babin da ke biye, kuma a nan ne hira ta canza. A shekarar 1952 Alan Hodgkin da Andrew Huxley suka wallafa bayanin yadda saƙo yake gudu a cikin jijiya, bayan gwaje-gwajen da suka yi a Plymouth ta Ingila da ƙatuwar jijiyar wata dabbar teku da ake kira sikwid, wadda kaurinta ya isa a zura mata siririyar waya. Ba da zane ko dogon bayani suka kammala aikin ba, da ƙa'idoji huɗu na lissafin canji suka yi shi, waɗanda suke nuna yadda ƙofofin sodiyam da fotasiyam suke buɗewa da rufewa daga wannan ƙiftawar ido zuwa waccan. Huxley da injin lissafi na juyawa da hannu ya warware su, kuma aikin ya kai su ga lambar Nobel a 1963 tare da John Eccles. Malam ya ɗora yatsa a kan layin farko ya ce irin wannan lissafin a shekara ta biyu ake koyar da shi, kuma ƙofarsa ita ce kalkulas ɗin da nake gudu. Ya ƙara da cewa ƙwaƙwalwar mutum tana da ƙwayoyin jijiya kusan biliyan 86, kuma masu bincike a yau suna naɗar motsin ɗaruruwansu a lokaci guda, abin da ba ya karantuwa sai da aljabarar matiris, wato lissafin lambobin da aka jera layi-layi, wadda mu a sakandare muka tsaya a kan mai layi biyu da ginshiƙi biyu kawai.

Abin da ya fi zauna mini cikin duk abin da ya faɗa shi ne ma'aunin da ya ba ni. Ya ce kada in tambayi kaina wane kwas ne ya fi sauƙi, in tambayi kaina wanne ne ba zan iya koya ni kaɗai ba idan na bar shi ya wuce. Littafin saikoloji na matakin farko, in ji shi, ina iya karance shi a kan tabarma lokacin hutu, amma kalkulas sai da wanda zai ba ni aiki kowane mako, ya duba, ya ja mini jan layi a inda na karkace.

Na yarda da ma'aunin, amma ban yarda da yadda ya rage wa saikoloji daraja ba, kuma na gaya masa hakan cikin ladabi. Mutane da yawa a unguwarmu suna ɗauka saikoloji karatun gane abin da ke zuciyar mutum ne ta kallon fuskarsa, alhali kuwa tun da Wilhelm Wundt ya buɗe ɗakin gwajinsa a Leipzig ta Jamus a 1879, fannin a kan awo yake tafiya. Kafin shi ma, a 1860, Gustav Fechner ya nuna cewa yadda muke jin ƙaruwar nauyi ko haske ko ƙara yana bin logaridim ne. Yarinya mai ɗaukar kaya a kasuwar Kejetia za ta ji bambanci idan aka ƙara mata doya ɗaya a kan guda uku, amma ba lalle ta ji ba idan kwanon ya riga ya cika maƙil. A ƙasar da zan je ma, Donald Hebb, wanda ya kawo ra'ayin cewa koyo yana ƙarfafa mahaɗar ƙwayoyin jijiya a 1949, masanin saikoloji ne a Jami'ar McGill. Ɗalibarsa Brenda Milner ita ce ta yi shekaru tana gwada mutumin nan da aka fi sani da H.M., wanda aka yi wa tiyata a 1953 saboda farfaɗiya, ya daina riƙe sababbin abubuwa, amma hannunsa ya ci gaba da ƙwarewa a zanen da shi kansa ba ya tuna ya taɓa yi. Da gwajin fensir da madubi aka gano cewa tunawa ba iri ɗaya ba ce. Wanda bai koyi yadda ake tsara irin wannan gwajin ba, ko da ya iya lissafin jijiya, bai san tambayar da zai yi mata ba. Malam ya yi murmushi ya ce ai ga shi na kawo hujjata da logaridim, don haka ba mu rabu ba.

Sauran magana ita ce ƙididdiga, wadda sashen saikoloji yake da tasa, sashen lissafi ma yake da tasa. A nan ban yi dogon tunani ba. A 2015 wasu masu bincike sun sake gwaje-gwajen saikoloji 100 da aka riga aka wallafa, waɗanda suka sake ba da sakamako mai ƙarfi ba su kai rabi ba, saboda haka na fi son in koyi ƙididdiga daga tushe, bayan na sami kalkulas a hannu. Na ajiye ta sai shekara ta biyu.

Na dawo gida kafin azahar, hadari ya haɗu, ana fara yayyafi wuta ta ɗauke. Na haɗa kwamfutar Yaya da intanet ɗin wayata, na zauna kusa da taga inda sabis ya fi ƙarfi. Da ƙarfe 2 ta buga na sa kalkulas mai tsaurin a zango na farko da na biyu, na sa gabatarwar saikoloji a zango na farko, aljabarar matiris kuma a na biyu. Domin in rage wa kaina nauyi saboda sharaɗin tallafin, na ɗage fizis zuwa shekara mai zuwa, tunda tsarin sashen ya yarda da hakan, na cike gurbinsa da kwas ɗin rubutu. Ajin saikoloji na rana ya cika cikin 'yan mintuna, sai na safe ƙarfe 8 da rabi ya rage, na ɗauka haka nan. Awannin gwajin kemistiri da aka fara ba ni sun faɗa ranar Juma'a da rana, na mayar da su Laraba. Yaya yana tsaye a bayana yana kallo, ya girgiza kai, amma da daddare sai ga shi ya kawo mini tsohon littafinsa na kalkulas mai cike da rubutun fensir a gefe.

Shafin ya nuna cewa duk wanda ya zaɓi wannan kalkulas ɗin sai ya rubuta gwajin tantancewa ta intanet kafin ƙarshen Agusta, kuma akwai wa'adi a farkon zango da mutum zai iya sauka zuwa mai sauƙin ba tare da an rubuta masa faɗuwa ba. Na aika wa mai ba ɗalibai shawara wasiƙa ina tambayar ranar da wa'adin yake cika. Malam ya ce in riƙa zuwa Asabar da Lahadi bayan la'asar, za mu fara da tirigonometiri, domin a can ya san nake da rauni.