Hutun da ban samu ba sai da na sauka daga jirgi

A aikin teku, doka ce ta wajabta hutu. Yarjejeniyar STCW ta 1978, wato ta ƙasa da ƙasa kan horo da gadin ma'aikatan jiragen ruwa, wadda aka yi wa gyara a Manila a 2010, ta ce ma'aikacin jirgi mai tsayuwar gadi ya samu aƙalla awa 10 na hutu a cikin kowace awa 24, da awa 77 a cikin mako. Ba a yarda a yayyanka hutun yini fiye da kashi biyu ba, kuma kashi ɗaya dole ya kai awa 6. Jini da asara ne suka rubuta wannan doka. Lokacin da jirgin dakon mai Exxon Valdez ya hau kan duwatsu a Alaska a 1989, masu bincike sun lissafa gajiyar jami'in da ke riƙe da gadi cikin abubuwan da suka jawo hatsarin.

Ni ba a babban jirgi na yi aiki ba. Karatun lantarki ya kai ni Turkiyya daga nan Kano, da na gama kuma na samu aiki a wani ƙaramin jirgi mai tafiya da iska, irin wanda ake ɗaga wa filafilai, tsawonsa mita 14. Mai shi dattijo ne, tsohon matuƙin jiragen dakon kaya, shi da matarsa suka mai da jirgin gida bayan ya ajiye aiki. Batura da sola da inji da famfunan ruwa aka ɗauke ni in kula da su, amma a jirgi irin wannan babu mai cewa wannan ba aikina ba ne. Ka ja igiya, ka wanke kwanuka, ka karɓi gadi in lokacinka ya zo. Yawonmu tsakanin Marmaris da Fetiye da Bodrum ne.

Mai kallo daga bakin gaɓa zai ce mutanen nan kullum cikin hutu suke. Ruwa shuɗi, tsibirai, rana tana faɗuwa a bayan duwatsu. Duk gaskiya ne, kuma na gode wa Allah da Ya nuna mini. Sai dai zaman jirgi lissafi ne da ba ya ƙarewa. Tankinmu lita 400 yake ci, wato jarka 16, bai fi kurar mai garuwa guda da 'yan kai ba, kuma da shi za a sha, a dafa, a yi wanka. Muna da injin tace ruwan teku, amma kowace lita ta ruwan Bahar Rum tana ɗauke da gishiri wajen giram 38, kuma raba su yana cin wuta sosai. Saboda haka kafin ka buɗe famfo sai ka tuna batir, kafin ka tuna batir sai ka dubi sama ko akwai rana. Alwala kam da guga nake ɗebowa daga teku, tunda Manzon Allah (SAW) ya ce ruwansa mai tsarkakewa ne. Alƙibla ce ke son lura, don jirgin da ke kan anka juyawa yake yi da iska.

Barci ne babban abin. In an shiga lungu za a kwana, sai a jefa anka a saki sarƙa ninki huɗu ko biyar na zurfin ruwan. Amma a watan Yuli da Agusta akwai iskar arewa da ake kira meltemi, tana iya kwanaki tana bugawa, kuma in anka ta saki cikin dare jirgi zai yi ta ja da baya har ya daki dutse ko jirgin maƙwabci. Don haka kunne ba ya kwanciya. Ƙarar sarƙa ta sauya, ka farka. Igiya ta fara dukan jigo, ka farka. Ko daren da babu komai, jikinka bai yarda babu komai ba. A hankali sai ka saba, har ka ɗauka haka lafiyayyen mutum yake ji.

Da kaka ta yi, aka ɗaga jirgin da ƙugiya aka ɗora shi a tudu. Ana yin haka ne don a kankare ƙananan dabbobin ruwa masu ɓawo da gansakukar da ke manne wa ƙasansa suna rage masa gudu, sannan a shafa fentin da ke hana su sake kamawa. Na ce zan zauna a ciki in sa ido a kan masu aiki. Kyaftin, wato mai jirgin, ya girgiza kai. "Ɗana, wanda yake kwana a wurin aikinsa bai tashi daga aiki ba. Ɗauko jakarka." Ya kama mana ɗakuna a wani otal na shaƙatawa a Ichmeler, kusa da Marmaris, irin wanda ake biyan komai a dunƙule, a ɗaura maka ɗan zobe na roba a hannu, ka ci ka sha ba tare da ka sake ciro kuɗi ba.

Kwanakin farko ƙasa ta riƙa yi mini lilo, abin da ya saba faruwa ga wanda ya daɗe a kan ruwa. Ina farkawa tsakar dare daidai lokacin gadina, in kasa kunne, in ji shiru. Sai wani dare barci ya ɗauke ni tun bayan isha, ban motsa ba sai kiran asuba. Da na tashi na ji kaina wasai, irin yadda na manta ana ji. A nan na fahimci cewa watannin da na yi ina cewa lafiyata ƙalau, gajiya ce ta zauna mini har na daina ganin ta. Jiki magayi ne, amma sai ka ba shi wurin da zai yi magana.

Shaidar ta zo da muka koma. Akwai firjin da ya daɗe yana ɗaukewa cikin dare, mun yi ta zargin batura, har an fara maganar sayen sababbi. Da safiyar da na koma na bi wayar a natse da mita, sai ga wani mahaɗi da iskar gishiri ta cinye a bayan kabad, yana rage ƙarfin wutar kafin ta isa. Ilimin da na gano shi da shi ina da shi tun tuni. Natsuwar ce sabuwa.

Abin da ya fi zauna mini a rai kuwa shi ne yadda Kyaftin ya shirya tafiyar. Kafin mu bar jirgin ya sa muka rubuta komai: an rufe tukunyar gas, an cire wutar da ba a buƙata, an kwashe abincin da zai lalace, ga aikin da za a yi da kuɗin kowanne. Ya miƙa takardar da makulli ga shugaban masu gyara, ya ce a kira shi in abu ya fi ƙarfinsu kawai. Shi ya sa a otal ɗin ya iya zama yana shan shayi da matarsa ba tare da yana duba waya ba. Da bai yi haka ba, da gangar jikinsa ce kawai za ta je hutu.

Otal ɗin ba wurin zama ba ne, wannan kam. Akwai kiɗa da shaye-shaye a wani sashe, na nemi gefena na zauna, kuma abincin da ake zubarwa kullum ya dame ni ƙwarai bayan watannin auna shinkafa da kofi. Kafin lokacin ya cika, mu duka mun fara duba hasashen iska. Amma ba na raina shi. Ya yi aikin da aka je dominsa.

Yanzu ina da shagon haɗa sola a nan Kano. Yaran da ke aiki tare da ni ba sa hawa rufi washegarin daren da suka raba suna aiki, ko mai gida yana gaggawa, don wutar batir da tsayin bene ba sa yi wa mai gyangyaɗi uzuri. Kowane aiki kuma yana cikin littafi, yadda in ba na nan wani zai ɗora daga inda na tsaya.

Inda abin ya fi mini wuya shi ne gida. Yayana yana da shago a Kantin Kwari, kuma rabonsa da barin kasuwa in ba Sallah ko rasuwa ba, har matarsa ba ta tuna ba. Na ce masa, "Yaya, ga Tiga nan kusa, ko kwana biyu ne ka je ka ga ruwa." Ya ce, "To wa zan bar wa shagon?" Yana da yara amintattu, amma bashin da yake bi da farashin kowace dila da alƙawarin 'yan sari duk a kansa suke, ba a takarda ba. Don haka na daina yi masa zancen Tiga, na sayo masa babban littafi. Duk daren Alhamis muna zama da babban yaronsa, Yaya yana faɗa ana rubutawa. Mun gama da masu bashin Maraɗi da Damagaram, saura na cikin gari, kuma su ne suka fi yawa.