Tarihin Rayuwata, Kashi na 14: Sanyin Bana

Makon jiya na tsaya a kan komawarmu unguwar Zariya ta Maradi bayan auren ƙanena. Na so in ɗora daga nan, amma zuciyata ta ƙi. Ku yi mini haƙuri, yau zan tsallako zuwa bana, don akwai abin da ya tokare mini maƙoshi.

Ni mai son sanyi ce tun ina yarinya. Duk wanda ya taɓa yin watan Afrilu a Maradi, lokacin da zafi ke wuce digiri 40, mutum ya kwana tsakar gida yana juyi kan tabarma, ya san dalilina. Da Disamba ta kama, hunturu ya taso, hazo ya rufe gari, sanyin asuba ya sauka wajen digiri 13 ko 14, sai in ji kamar an sauke mini kaya. Barci ya yi daɗi cikin bargo, sauro ya ragu. Da safe ga kunun tsamiya da ƙosai suna tururi, ga yara sun kewaye wutar kara suna jin ɗumi. Lambunan bakin gulbi, na Jiratawa da na Tibiri, su cika kasuwa da salati da kabeji da karas, da 'yan daloli ka ciko kwano. Kaushi da fason ƙafa ba su taɓa damuna ba, man kaɗanya ya ishe ni.

Yaya kuwa ba ta ga maciji da sanyi. Ba ciki ɗaya muka fito ba, a majami'a muka haɗu, cikin Zumuntar Mata, shekara 19 ke nan. Ita ce mai buga mana tulu in muna waƙa. A Danja, kusa da Maradi, ta tashi, inda mahaifinta ya je neman maganin kuturta a asibitin mishan, ya warke, ya yi zamansa. Ba ta taɓa ɓoye wannan ba, ko gaban wa. Ranar da na yi ɓarin cikina na biyu ita ta kwana da ni, ita ta wanke zannuwana, kuma har ta koma ga Ubangiji ban ji maganar a bakin kowa ba.

Kowace shekara gardamarmu ɗaya ce. In muka taru da dare koyon waƙoƙin Kirsimeti, sai ta shigo da rigar sanyi biyu, da safa, ta ɗaure kunnuwa da kallabi, ta dube ni daga ni sai mayafi.

"Auta, ke da sanyin nan kamar nono ɗaya kuka sha."

"Yaya, bari Afrilu ya zo, da kuɗi za ki neme shi."

Sai ta yi dariya, ta murza tafin hannunta har ya yi ɗumi, kana ta ɗora shi a bakin tulun.

Tarin ya fara mata tun Nuwamba. Duk muka ce mura ce, ai lokacinta ne. Da ƙafafunta suka kumbura, numfashi ya soma gagararta, muka ɗauke ta da asuba, muka bi ta Gidan Rumji da Madawa zuwa Galmi, asibitin da tun 1950 mutanenmu ke zuwa in ciwo ya tsananta. Likita ya ce zuciya ce. Sun yi iya ƙoƙarinsu, ni shaida ce. Kwana tara muka yi, a can Kirsimeti ya same mu. Wani dare ta kama rawar ɗari, na cire bargona na ƙara mata a kan nata. Ta buɗe ido da ƙyar ta ce, "Auta, yau dai rashin jin sanyinki ya yi mini rana." Bayan kwana biyu ta cika.

Muka kawo ta gida. Fasto ya karanta Zabura 23 a bakin kabari, iska na kwasar muryarsa. Maƙwabtanta Musulmi sun cika gidan kwana uku, wasu da kunu, wasu da itace, kowa na cewa, "Allah ya ba ku haƙuri."

Abin da ban faɗa wa kowa ba shi ne, washegarin jana'iza na fito tsakar gida da asuba, iskar ta buge ni, na ji daɗinta har cikin raina kamar kullum. Sai kunya ta kama ni. Na tsuguna gindin randa na yi kukan da ban yi ba a maƙabarta.

Ranar Lahadi mun yi sujada tulun na ajiye a kusurwa, ba wadda ta iya taɓa shi. Bayan an tashi, babbar 'yarta ta miƙo mini leda. Rigar sanyin nan ce mai ruwan toka, wadda muka saya tare a gwanjo. "Inna, ta ce a ba ki." Na sa ta nan take, ko da yake ba na jin sanyi. Har yanzu tana ƙamshin man kaɗanya da hayaƙi, kuma da ita a jikina nake rubuta muku wannan.

Mako mai zuwa, in Ubangiji ya yarda, za mu koma unguwar Zariya.