Shekara guda a kan kwanon mutane

Ranar da na dawo Sakkwato da takardar gama bautar ƙasa, Inna ta karɓe ta, ta haɗa da kwalin digirina, ta tura ƙasan akwatin zannuwanta inda takardun gida suke. Har yau suna nan. A watan nan ɗan shagona na haɗa wutar sola ya cika shekara guda, kuma duk gidajen da na shiga babu wanda ya taɓa cewa in nuna masa kwali. Tambayar ɗaya ce kullum: "Wanga abin naka shina ɗaukar firiza?"

Fiziks na karanta a Jami'ar Usmanu Danfodiyo. Can akwai Cibiyar Binciken Makamashi da aka kafa tun 1982, kuma a nan na fara taɓa farantin sola da hannuna. Amma sana'ar kanta yajin aikin malaman jami'a na 2022 ne ya koya mini ita. Wata takwas muna gida, daga Fabrairu har Oktoba. Da zama ya ishe ni, Baffa ya kai ni wurin wani dattijo mai wayarin a Runjin Sambo, ya ce, "Ga shi nan, ka sa shi aiki, kada ka duba bokonai." Bai kuwa duba ba. Wata biyu tsani nake ɗauka ina miƙo filaya. Mutumin bai yi sakandare ba, amma da ya ɗora yatsa a kan waya ya ji ɗuminta zai gaya maka ta yi wa aikin siriri.

Jarina daga alawus ɗin bautar ƙasa ya fito, lokacin naira 33,000 ne a wata, ba a kai ga 77,000 ba tukuna. Na matse bakin aljihu na sayi mita, injin huda bango, tsani da 'yan kayan hannu, na yi wa sunan shago rajista a CAC, hukumar rajistar kamfanoni, na karɓi rabin shago a Mabera tare da wani mai gyaran waya. Ba na ajiye kaya. Mai aiki ya ba da kuɗi, in yi oda daga Kano ko kasuwar Alaba ta Legas. Kasuwa kuwa na tarar da ita a buɗe, don tun da aka cire tallafin mai a 29 ga Mayu 2023 lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da 500, daga baya ta haura dubu, masu janareto suka fara neman mafita.

Aikina na uku shi ya kusa rufe shagon.

Wata Hajiya ce mai sayar da ƙanƙara da zoɓo, tana son a haɗa mata kafin azumi. Duk wanda ya yi azumi a garin nan ya san darajar ƙanƙara da la'asar. Na je, aka nuna mini firiza ɗaya a tsakar gida, na karanta abin da ke rubuce a bayanta, na koma shago na yi lissafi mai kyau irin wanda zai samu maki a jami'a. Batir biyu masu ruwa, kowane 200Ah (ma'aunin yawan wutar da yake riƙewa), inbata mai mayar da wutar batir irin ta gida, farantai huɗu. Da aka zo ajiye batir sai ta nuna mini wani ɗan sito mai rufin kwano, ba taga, ta ce nan yara ba sa shiga. Na ce to. Kunya ta hana ni musu da babbar mace a cikin gidanta.

Kwana tara da fara azumi wayata ta yi ƙara bayan sahur. "Ɗan nan, taho ka ga aikinka. Ƙanƙarata duk ta koma ruwa."

Da na isa na tarar da firiza biyu. Ta biyun ta maƙwabciyarta ce, an jawo waya ta katanga. A ɗaki kuma ga dutsen guga a jone, ga fankoki uku. Na buɗe siton, zafi ya buge ni kamar na leƙa tanda. Batiran sun sha ruwansu, an kuma ƙara musu da na rijiya. Na so in ce laifinsu ne. Sai na tuna ni ne ban zagaya gidan ba, ni ne ban yi bayani ba, ni ne na yarda da siton. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Batir ɗaya ya farfaɗo, ɗayan kuwa daga aljihuna na canza, ribar aiki uku ta tafi a nan. Da na ba maigidana, dattijon nan mai wayarin, labari bai yi dariya ba. Ya ce, "Kai takarda ka auna. Gida aka aunawa, da mutanen da ke cikinai."

Tun daga ranar ba na ba da farashi sai na shiga kowane ɗaki, in an yi mini izini, in kuma ba a yi ba in sa yaron gida ya ƙirgo mini duk abin da ke da fulogi. Sannan in zauna da mai gida mu yi lissafin tare, a bayan ambulan ko a ƙasa da tsinke. Batir mai 12V da 200Ah yana riƙe wat 2,400 na awa guda, amma in mai ruwa ne rabi kawai ya kamata a ci, in ana son ya yi ƙarko. Saura 1,200. Fankar sama guda tana cin wajen wat 70, in ta kwana tana juyawa awa goma ta cinye 700. Fanka biyu sun riga sun wuce abin da batir ɗaya zai bayar, ba a kunna talabijin ba. Dutsen guga shi kaɗai wat dubu ne ko fiye. Firiza kuma duk sanda injinta zai tashi sai ya fizgi ninki uku ko fiye na abin da aka rubuta. In mutum ya ga lambobin da idonsa, shi da kansa yake cewa a bar guga sai da rana tsaka. Wasu kuma su ce na cika tsada, su tafi wurin wanda zai ce musu komai zai ɗauka. Kaɗan daga cikinsu sun dawo, da mataccen batir a bayan mashin.

Mutane na cewa ai mu Sakkwato rana ta yi mana gata. Haske ne ya yi mana gata, zafin kuwa abokin gaba ne. Ƙarfin da ake rubutawa a bayan faranti an auna shi ne a ma'aunin zafi 25. A watan Afrilu, iska kanta ta haura 40, farantin da ke kwance kan kwano yakan kai 60, ya yi asarar sama da kashi goma cikin ɗari na ƙarfinsa. Shi ya sa nake ɗaga shi a kan ƙarfe iska ta riƙa bi ta ƙasa, in fuskantar da shi kudu, in ɗan karkata shi daidai da digiri 13 da garin yake a arewa da tsakiyar duniya. Nan kam boko ya yi rana. Batir mai ruwa shi ma zafi na rage masa kwana sosai, don haka yanzu ko Hajiya ce ko Alhaji, in wurin ba iska sai in ce, "Ranki shi daɗe, a yi haƙuri, nan ba shi yi." Na lithium ya fi jurewa yawan caji da saukewa, ba ya son ruwa, sai dai kuɗinsa ke korar mutane.

Hunturu kuma nasa daban. Ƙura ta lulluɓe gilashi, a kira ni a ce sola ta lalace. In hau da bokiti da tsumma, minti goma wuta ta dawo. Da farko ba na karɓar komai, yanzu kuɗin mai nake karɓa, in nuna wa wani saurayi a gidan yadda ake wankewa da sassafe kafin gilashin ya ɗau zafi.

Kayan jabu sai dai a ce Allah Ya kyauta. Wuƙa ba ta barin aljihuna: in kankare bakin waya, in ta nuna fari a ciki to alminiyam ce aka shafa wa jan ƙarfe. Faranti kuma sai na sa masa mita a rana kafin ya hau sama, don takardar da aka manna a baya kowa na iya bugawa. Araha ba ta ado. Farashi ma na daina cewa ya tsaya mako guda, tun da dala ta taɓa motsawa tsakanin ranar da na yi alkawari da ranar da aka biya ni, na cika gibin da kaina. Kwana biyu nake ba mutum.

Cikin 'yan ajinmu akwai masu koyarwa a makarantun kuɗi, akwai mai POS, akwai waɗanda har yanzu suke cike fom a intanet. Ba na ganin na fi su. Akwai watan da na samu abin da ya ninka albashinsu, akwai watan damina da ko kuɗin hayar rabin shagon sai da Yaya ya ranta mini. Tafin hannuna ya yi kanta, kwano ya ƙona mini gwiwa ya fi a ƙirga, don haka aikin sama yanzu daga asuba ne zuwa hantsi. Yara biyu ke bina, ɗaya ɗalibin kwalejin kimiyya da fasaha ne, shi ke ɗaukar tsani.

Inna dai ba ta haƙura ba. Jiya ma da nake cin tuwo ta ce ta ji a rediyo za a ɗauki ma'aikata, in an buɗe in cika. Na ce mata to, in sha Allahu. Gobe da asuba Kware za mu, wani mai albasa a fadama yana son a raba shi da injin ban-ruwa mai shan fetur. Na ce masa ba zan faɗi kuɗi ba sai na ga zurfin rijiyar da faɗin gonar, da kuma ko maƙwabcinsa na da niyyar jan tiyo.